Wuya Ne, Ba Wuya Ce Ba

Da sunan Allah, wanda Ya ba mu numfashi kyauta har muka saba, muka daina gode maSa a kansa.

Sunana Binta. Ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke gabas da Tsanyawa, ina kuma aure a nan cikin gari, gida huɗu tsakanina da gidan iyayena. Mahaifina Malam Ilu shi ne ladanin masallacin Juma'armu tun kafin a haife ni. Labarin jinyarsa zan bayar, ba don a ce mini sannu ba, an faɗa mini ita har ta ishe ni. Na rubuta ne saboda wanda za a sallamo masa majinyaci da bututu a maƙogwaro, a ce ya je ya nemo injin danshi, ya tsaya a kanti yana raba ido tsakanin babba da ƙarami. Ni na tsaya a wurin nan, na zaɓa, kuma saura ƙiris zaɓina ya kashe ubana.

Abin ya fara ne bayan an yanke gero. Muryar Baba, wadda ƙauyuka uku ke tashi da ita, ta soma dishewa. Yakan kai tsakiyar kiran salla sai ta tsinke, ya yi gyaran murya, ya ɗora. Muka ce mura ce. Inna, mahaifiyata, ta haɗa masa citta da kanumfari da zuma, ta ɗumama man shanu ta ba shi. Da aka yi wata guda babu sauƙi sai masu shawara suka taso, don a garinmu kowa likita ne muddin ba shi ke ciwon ba. Wannan ya ce beli ne, a kira wanzami ya yanke. Wancan ya ce baki ne ya kama shi, muryar ta yi suna da yawa. Gwaggona ta aiko da sassaƙe daga Makoda, baƙi ƙirin, ta ce a tafasa sau uku. Baba ya sha abin da zai iya sha, ya hana wanzami taɓa shi, ya ci gaba da kiran salla da ɗan abin da ya rage masa.

Ranar da na tsorata, yana alwala ina gefe, na ji numfashinsa yana fito, siriri, kamar iska na bi ta cikin kara. Na kira yayana Nasiru, mai sayar da takalma a Kano, na ce masa in bai zo gobe ba ni zan ɗauki Baba da kaina, kuma kada ya ƙara kira na ƙanwarsa. Washegari ya zo.

Shekarar nan ce da man fetur ya haukace, kuɗin mota ya tashi har mutum kan tsaya a tasha yana tunanin ko ciwon nasa ya kai a je birni. Wata biyu muka yi muna safa da marwa tsakanin gida da babban asibiti a Kano. Mu bi motar farko, mu tarar layi ya zagaye gini. A yanki kati, a ce likitan maƙogwaro sai Talata. Talata a ce a yi hoto. A kawo hoto, a ce za a ɗebi tsoka a kai gwaji, a dawo bayan mako uku. Baba na zaune a benci da carbinsa ba ya ko tsaki, ni ce mai faɗa da masu tsallake layi. Ba zan ci haƙƙin ma'aikatan ba. Akwai wanda ya daka mana tsawa kamar mun zo ƙarar gona, akwai kuma wanda ya ajiye abincinsa ya raka mu har ƙofar da muke nema.

"Ciwon daji ne," in ji likitan, wani matashi mai sanyin magana. "Tsiron ya kusa rufe hanyar iska. Za mu buɗe wa Malam 'yar ƙofa a ƙasan maƙogwaro, mu sa bututu, ya riƙa numfashi ta nan. Amma magana ba za ta ƙara fita ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Baba kuwa hamdala ya yi. Da za a shiga da shi tiyata ya yafito ni, na kai kunne ina zaton wasiyya ce. Ya ce, "Ki gaya wa Liman, Malam Sabi'u da ke riƙe mini kiran salla yana gaggawar La'asar. Ya riƙa duba inuwa." Maganarsa ta ƙarshe ke nan da na ji da kunnena.

Kwana goma sha biyu muka yi a kwance. Aka ba shi biro da takarda ya riƙa rubuta abin da yake so, ya ture su. Shi bokonsa bai wuce sa hannu ba, kuma biro yana zame masa. Sai da Inna ta aiko da ɗan ƙaramin allonsa da kurtun tawada da alƙalamin kara, sannan ya soma yi mana magana da ajami: ruwa, alwala, zafi, na gode. Kalma ɗaya ɗaya, don hannunsa rawa yake yi, kuma dama can shi ba mai dogon zance ba ne.

Wata nas dattijuwa, kowa Sista Babba yake ce mata, ita ta koya mini aikin bututun. Ashe biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin ake murɗawa a zare, a wanke da ɗan buroshi, a mayar. Ta sa na yi a gabanta sau bakwai, tana bugun hannuna in na yi garaje. Allah Ya saka wa matar nan da alheri, duk da cewa a lokacin haushinta nake ji.

Ranar sallama likita ya tsayar da mu. Ya ce, "Hanci ba don ado aka yi shi ba. Shi ke jiƙa iska kafin ta sauka ƙirji. Yanzu iskar Malam ta daina bi ta hanci, kai tsaye take shiga, a bushe. In ta busar da majina, majinar za ta daskare ta toshe bututun, kuma ga bazara ta shigo. Ku nemi humidifaya, wato injin danshi." Na sa ya maimaita kalmar, na rubuta ta a tafin hannuna. Ya ce Sista za ta yi mana sauran bayani. Kafin ta zo aka tura ni layin karɓar magani, Yaya ya tafi neman mota. Da na dawo bayan awa biyu na ganta zaune a bakin gadon Baba, ita da dattijon gado na kusa, wani tela mai bututu irin nasa, da wani abu yana 'yar ƙara a hannunsu. Ban ko kalla ba, hankalina na kan yadda za mu isa gida kafin magariba.

Muka biya ta wani kantin kayan asibiti, muka bar Baba a mota. Na nuna wa mai kanti tafin hannuna. Ya fito da biyu. Ɗaya dogo, ya kai randa tsayi, yana cin bokiti guda na ruwa, ya ce in an kunna shi ɗaki gaba ɗaya yake jiƙawa, har falo. Ɗayan bai wuce ƙoƙon shan fura ba, ana yi masa caji kamar waya, yana da ɗan murfi da ake kifawa a kan bututu, yana feso hazo siriri. Kuɗin babban ya ninka na ƙaramin ban san sau nawa ba.

"Ubanmu ne fa," in ji Yaya. "A ce duk hidimar da ya yi wa garin nan, abin wasan yara muka saya masa?"

Da zan iya ɗora masa laifin da na ɗora, amma ni na fi shi zaƙewa. Na ce babban shi ne daidai. Ina makaranta da safe, Inna ba ta gani sosai, wa zai tsaya yana riƙe wa Baba ƙoƙo? Babban kuwa kunnawa kawai za a yi, ya yi ta aikinsa. Wannan hujjar da na faɗa a fili ke nan. Wadda ban faɗa ba, ina so 'yan dubiya su shigo su ga cewa 'ya'yan Malam Ilu ba su gaza ba. Muka ɗauki hotonsu duka biyu a waya, muka ce za mu dawo.

A gida, 'yan sannu da zuwa ba su watse ba sai bayan Isha'i, washegari da hantsi muka taru a ɗakin Baba, ni da Yaya da Inna. Yaya ya miƙa masa wayar.

"Baba, ga su nan. Wannan babban, ɗaki guda yake jiƙawa. Wannan kuwa ɗan mitsitsi ne, sai an riƙe. Wanne ka gani?"

Tambayar fita kunya ce, mun riga mun yanke. Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya jawo allonsa, ya tsoma alƙalami, ya rubuta kalma ɗaya, sannan ya ɗora yatsa a gefen bututun. Ajamin Yaya ya gudu tun da ya shiga birni, don haka ya miƙo mini. Na karanta a fili.

"Wuya."

Hawaye ya zubo mini. Mutumin da bai taɓa cewa wash ba, yau shi ne da hannunsa yake rubuta cewa yana shan wuya. Na ce, "Sannu Baba. Wallahi mun sani. Ka yi haƙuri, wuya ba ta kisa." Ya girgiza kai, ya ƙwanƙwasa allon sau biyu da gindin alƙalami. Inna ta fashe da kuka ta ce, "Ku daina wahalar da Malam da tambaya, ba ku ga halin da yake ciki ba?" Ya sake tsoma alƙalami zai ƙara wani abu, ni kuwa ba zan iya ci gaba da kallon kalmar nan ba. Na karɓi allon, na sa jiƙaƙƙen tsumma na goge. Ya dube ni, kallon da a lokacin ban gane ba, ya juya fuskarsa ga bango.

Ranar kasuwar Tsanyawa aka kai tunkiyar Inna da rabin irin gyaɗar da aka ajiye don shuka. Bayan kwana uku Yaya ya iso da injin a saman mota, an naɗe shi da bargo.

Makon farko kamar biki. Mata suka riƙa shigowa kallon "mai hayaƙi", sunan da Inna ta sa masa ke nan. Sai dai mun manta abu ɗaya, ko in ce mun ƙi tunawa: turakun lantarki na nan a garinmu, amma rabonmu da wuta tun kafin sallar layya. Liman ya tara jama'a, suka yanke shawarar a ba mu aron janaretan masallaci, wanda ake kunna lasifika da shi. Suka ce ladaninsu ne, ba za su ji daɗin lasifika shi yana kwance ba. Na gode musu har yau, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Aka girke janareta a bayan tagar Baba, muka shiga sayen mai a kwalba wurin 'yan bumburutu.

Nan muka gane injin yana da sharuɗɗa. In ƙofa na buɗe, danshin ficewa yake yi kamar ba a yi ba, don zafin bazarar bana ko wanki ka shanya kafin ka juya ya bushe ƙayau. Sai muka rufe ƙofa, muka toshe taga da buhu. Ɗakin ƙasa ne, bango ya soma tsotsar laima yana wani wari. Ruwan rijiyarmu kuma ya riƙa barin farin gari a kan komai, kamar an barbaɗa kanwa. Kwana biyar takardun Alƙur'aninsa na rubutun hannu suka fara lanƙwashewa a cikin gafaka. Na ɗauke shi na kai ɗakin Inna. Baba ya bi shi da ido har na fita.

Inna kuwa tun ranar farko ba ta yarda da abin ba. "Mai ciwon ƙirji a kwantar da shi cikin raɓa? Sanyi za ku sa masa." Sista ta ba mu wani siririn ƙyalle ta ce a riƙa jiƙa shi ana rufe bakin bututun. Duk sanda na jiƙa na tafi makaranta, in na dawo sai in tarar Inna ta cire, ta naɗe masa wurin da busasshen rawani. Na yi mata magana sau ɗaya, ta ce ita ta yi jinyar 'ya'ya bakwai kafin in san hagu da dama. Na ƙyale ta, na ce a raina ai ɗakin duka a jiƙe yake, ɗan ƙyalle me zai ƙara.

Mako na biyu mai ya gagare mu. Ranar da akwai kuɗin babu man, ranar da akwai man ya ƙara tsada. Muka koma kunna inji awa biyu da safe, awa biyu da yamma. Tsakar rana, lokacin da kwanon rufi ke ƙara don zafi, injin na tsaye shiru, Baba na kulle a ɗakin da ya bushe ya koma tanda. Abin da nake wankowa daga bututun ya sauya. Da majina ce mai ruwa, yanzu ɓawo ne mai tauri da ɗigon jini. Daga wanki uku a rana na koma biyar. Ana kaɗa ƙararrawar tara sai in bar aji a guje, in wanke, in koma. In na ji an yi sallama a ƙofar aji gabana faɗuwa yake yi. Tsoro nake ji wanda ban taɓa jin irinsa ba, kuma tsoron nan faɗa yake zame mini. Na hana 'yan dubiya shiga don kada a buɗe ƙofa. Abokansa na shekara arba'in suka riƙa tsayawa a zaure suna aiko da gaisuwa.

A makon nan ya rubuta "masallaci". Na ce, "In ka warke, Baba." Ya rubuta "lokaci". Sai a sannan na lura cewa ba ya jin kiran salla. Lasifika babu, don janaretan na wurinmu, Malam Sabi'u da baki yake kira, ga ƙofa a rufe, ga rurin janareta a bayan taga. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana gaya wa gari lokacin salla, yanzu shi ke tambaya. Na kawo masa agogon bango na rataye. Shi da ke auna lokaci da inuwar katangar masallaci, bai ko ɗaga kai ya dube shi ba. Ya sake rubuta kalmar nan tasa, wuya, ya nuna maƙogwaronsa. Na sake ce masa sannu.

Juma'ar mako na uku, da hantsi, Liman ya aiko a karɓi janareta. Wani baƙon malami zai yi huɗuba, mutanen ƙauyuka za su cika har waje, ba yadda za a yi babu lasifika. Suka ce da an idar za a dawo da shi. Tun jiya da yamma ma ba mu kunna ba, babu mai. Na wanke bututun, na rufe wa Baba ƙofa, na zauna wanki a bayan ɗakin girki. Inna na daka.

Da rana ta take, kiran salla ya tashi a lasifika, tar, karo na farko cikin mako uku. Na ji shi, na ce Allahu Akbar, na ci gaba da cuɗa. Ban kawo a raina cewa wani ma ya ji ba. Ƙarar turmi ta hana mu jin buɗe ƙofa.

Ban san minti nawa aka yi ba, sai muryar Malam Sabi'u daga zaure, ba ko sallama: "Binta! Binta! Malam ya faɗi a sahu!"

Na leƙa ɗaki, babu kowa, babbar rigarsa ba ta kan ƙusa. Na fizgi robar da nake ajiye buroshi da ruwan gishirin asibiti, na fita ba takalmi, ba mayafi, kumfa har gwiwar hannu. Ƙasa na ƙuna ban ji ba.

Sun fito da shi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masallaci. Maza sun yi masa zobe, wasu na yi masa fifita da hula, wani na ƙoƙarin ɗura masa ruwa a baki, Liman ya durƙusa a kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ni da ban taɓa ratsa taron maza ba, ban san sanda na ture wani dattijo ba.

"Ku matsa! Ku ba ni wuri! Ba ta baki yake numfashi ba!"

Leɓensa ya yi baƙi. Ƙirjinsa na ja da ƙarfi, haƙarƙari na shiga ciki, amma babu ƙara ko kaɗan, ko fiton nan babu. Idonsa a buɗe yana kaina. Na warware rawanin da Inna ta naɗa, na kama bututun ciki zan murɗa, kumfa ta sa ya zame. Na goge hannu a zani na sake kamawa. Ya ƙi. Na ji muryar Sista a kaina tana cewa ban da garaje. Na danne na wajen da yatsa biyu kamar yadda ta koya mini, na murɗa a hankali, ya fito. Na ɗaga shi sama, ko ɗigon haske ba ya wucewa, ya cushe da abu kamar ƙanzon tukunya. Na ɗiga ruwan gishiri a ƙofar, kaɗan, na jira. Shiru. Na ƙara ɗigawa, ina cewa Baba yi tari, don Allah yi tari. Jikinsa ya ƙame, ya yunƙura, wani dunƙule baƙi mai girman ƙwayar gyaɗa ya faɗo a zanina. Sai iska ta shiga da wani irin gurnani. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Jama'a suka ɗauki kabbara. Ni kuwa, maimakon in gode wa Allah, sai na buɗe baki a gaban duk garin na ce, "Baba, me ya fito da kai? So kake ka kashe mu?" Ya rufe ido. Har gobe in na tuna wannan maganar kunya ke kama ni.

Wani mai ɗaukar tumatir daga Watari da ya zo Juma'a ya sauke kwandunansa, ya kai mu Kano a motarsa, ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Aka zuƙe wa Baba ƙirji, aka kwantar da shi. Da safe Sista Babba ta shigo, ta duba shi, ta juyo kaina.

"Ina injin nasa?"

"Yana gida, Sista. Ba ya ɗaukuwa. Babban muka saya." Har da ɗan alfaharina na faɗa.

"Babba? Kuna da wuta a garinku?"

Na girgiza kai.

"Ikon Allah. Ni da kaina na zauna na nuna wa Malam, ranar da za ku tafi. Na ce masa, ku da ba ku da wuta ba ɗaki za ku jiƙa ba, wuya za ku jiƙa. Ƙaramin nan, da ruwan gishiri, da jiƙaƙƙen ƙyalle, duk inda ya je suna tare da shi. Har ya karɓi na tela ya gwada, ya gyaɗa mini kai. Bai gaya muku ba?"

Wuya. Na ji yadda muryarta ta ɗaga a farkon kalmar ta sauka a ƙarshe. Wuyan da ke ɗauke da kai take nufi, ba wuyar da ake sha ba. A baki ko yaron goye ba zai haɗa su ba. Amma a rubuce, ko da boko ko da ajami, kalma ɗaya ce. Murya kaɗai ke raba su, shi kuwa muryar ce aka ɗauke masa. Ya gaya mana tun ranar farko, ya nuna da yatsa, ya ƙwanƙwasa allo, ya tsoma alƙalami zai ƙara bayani. Ni malamar makaranta, mai koya wa yara karatu, na karanta abin da tausayina ya ga dama, na goge sauran.

Na dubi Baba. Yana kallon rufin ɗaki kamar ba da shi ake ba. Na durƙusa a gefen gadon na kifa kaina a kan ƙafarsa, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da likita ya ambaci sunan ciwon. Can na ji hannunsa a kaina.

A ranar Yaya ya sayo ƙaramin. Babban kuma wani mai ƙyanƙyasar kaji ya saye shi, ƙasa da rabin kuɗinsa, ya ce ƙwai na son laima. Aka mayar wa masallaci janaretansa, aka buɗe taga, Alƙur'ani ya koma mazauninsa. Sista ta kira Inna a waya ta yi mata bayanin ƙyallen da kanta, dattijuwa da dattijuwa, daga ranar Inna ce ma ke jiƙawa, da tafasasshen ruwan da ya huce, tana yi tana cewa ita dai ba ta ce babu sanyi a ciki ba.

Ba na zagin babban inji. Mai wuta tsayayya, da ɗakin siminti, da majinyacin da ba ya tashi, wataƙila shi ya fi masa. Amma kafin ka sayar da tunkiya, ka duba garinku, ka duba ɗakin, ka duba ko mutumin naka mai zama ne ko mai fita. Kada ka bar wurin bayanin nas don layin magani, layi zai jira. In kuma ka tambayi marar lafiya, ka tsaya har ya ajiye alƙalami da kansa.

Baduku ya ɗinka wa ƙaramin injin 'yar jakar fata mai igiya, Baba ya riƙa rataya shi kamar laya. Ana yi masa caji a shagon mai sola da ke bakin kasuwa. Salla biyar a masallaci yake yin ta. Kafin La'asar sai ya je ya zauna gindin katanga, ya kifa murfin a wuyansa, hazo na tashi, idonsa na kan inuwa. Malam Sabi'u na tsaye da makirfo a hannu, ba ya buɗe baki sai Baba ya taɓa kafaɗarsa. Haka aka yi har ruwa ya sauka, iska ta yi laushi, muka shuka rabin gyaɗar da ta rage. Bututun bai ƙara toshewa ba. Ciwon da kansa ne ya ci gaba da aikinsa, kamar yadda likita ya gaya mana tun farko, kuma bayan an yanke gero Allah Ya karɓi abinSa, da hantsi, ƙofar ɗakinsa a buɗe. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan naku.

Na tuna, kwana biyu da dawowarmu daga asibiti karo na biyu, ina shara a ɗakinsa, ya ƙwanƙwasa allo. Na zo na tsuguna. Ya tsoma alƙalami ya rubuta wuya, ya ɗago ya dube ni, ya jira. Na sa hannuwana biyu a baya, ban ce uffan ba. Sai da ya tabbata ba zan yi magana ba, sannan ya sake tsomawa, a hankali, ya ƙara "ne" a gabanta. Kafaɗunsa suka soma rawa, na tsorata na zaci tari ne, ashe dariya yake yi mini.

Allon yana rataye a ɗakina. Inna ta ce in wanke in ba jikokinsa su yi karatu da shi, kada ya zauna a banza. Na ce mata zan saya musu sabo. Na riga na goge masa magana sau ɗaya.